Mita da Firizar Maman Rabi

Ku da kuke cika mini bencin shago kuna cajin waya, kada ku ɗauka ba na jin abin da kuke faɗa. Wai aikin mita ba aiki ba ne: waya biyu ta shiga, waya biyu ta fita, a ɗaure noti a karɓi kuɗi. Har da mai cewa a wayarsa ya kalli yadda ake yi, kafin shayinsa ya huce ya iya. To sannunku da ƙoƙari. Ni Habu a kan tsani na yi furfura a Agegen nan, kuma ina gaya muku rataya mita a bango shi ne ɗan ƙaramin aikin. Babban aikin yana wajen mutanen da ke bayan mitar, da abin da take sa su yi wa junansu. Ku matso in ba ku labarin gida ɗaya.

Wata Laraba da hantsi Maman Rabi ta shigo shagon nan, ta tsaya daidai inda wancan mai jar hular yake zaune. Mijinta mahauci ne a Oko-Oba, Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da 'ya'ya mata da firiza guda. Da firizar nan take ci da su. Ƙanƙara take yi tana sayar wa masu lemo da masu fiya wata, ga zoɓo ga kunun aya. Ɗaki ɗaya take haya a gidan Alhaji Musbahu, irin dogon gidan nan da ɗakuna ke kallon juna. Ni na sa mata soket ɗin firizar tun mijin yana da rai.

"Malam Habu, ina kwana. So nake ka zo gobe ka gwada wa mai saye firizata, ya ga lafiyarta ƙalau, sannan ka cire ta daga wuta."

Na ce, "Sayarwa za ki yi? To da me za ki riƙe yaran?"

"Allah zai kawo wata hanyar. Alhaji ya ce ko firiza ta fita, ko mu fita tare da ita. Mutanen gida sun ce ni nake shanye musu katin wuta."

Ba ta ɗaga murya ba, bakin mayafinta kawai take ta murzawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san cin firizar nan kamar yadda na san cin cikina. Na ce mata ta je, gobe ina tafe.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da mitar kati ba za ku gane abin da ya rikita gidan ba sai na koma da ku baya. Da can takarda kamfanin wuta yake aiko wa kowane gida, kuɗin kintace, ko kun sha ko ba ku sha ba, ko an kawo ko ba a kawo ba. Sai maigida ya bi ɗaki ɗaki yana duba ƙwan lantarki da soket, a raba a kan kowa. Mai ƙwai ɗaya da rediyo, da wanda ya ɓoye hita da dutsen guga a ƙarƙashin gado, kusan abu ɗaya suke biya. To wa zai kashe wuta? Ƙwai a kunne da rana tsaka, wai don a san lokacin da aka kawo. Wake a kan murhun lantarki tun safe har azahar. Fanka tana ta juyi a ɗakin da mai shi ya tafi Alaba Rago sayen raguna. Kowa gani yake tunda dai za a cuce shi a takarda, gara ya rama a soket.

Mitar kati da ta zo, sai ta yi abin da wa'azi bai yi ba. Ka sayi lambobinka, ka danna mata, ta nuna maka yunit ɗinka, kana kallo suna raguwa. Akwai wata 'yar jar fitila a goshinta. In kaya kaɗan ne a kunne, sai ta riƙa ƙiftawa a hankali kamar mai gyangyaɗi, in kuwa aka jona hita, sai ta kama ƙifce-ƙifce ba tsayawa. Wallahi na ga magidancin da bai taɓa sanin inda makunnin banɗakinsa yake ba ya koma mai gadin ƙwai, yana bin yara yana tambayar wa ya bar fanka. Na ga mata sun koma jiƙa wake kafin su ɗora, sun koma gas da gawayi. Amma a gidan da mita ɗaya ke ɗauke da ɗakuna da yawa, sai ta zama abin faɗa. Tana faɗin nawa aka sha, ba ta faɗin wanda ya sha.

Shekarar da mitar katin ta zo ita ce mafi muni da na gani a sana'ata. Duk wanda ya kira ni abu ɗaya yake so, in zagaye masa mita da waya ta yadda manyan kaya za su sha ba ta gani ba. Baifas, kuna dai jin sunan, kuma na san a cikinku akwai masu ganin wayo ne. Ni na ce ban yi. Ba wai don ni waliyyi ba ne. Na sha shiga silin in tarar da irin haɗin nan, waya ta narke ta manne da katako, ga mutane da jarirai a ƙasa ba su san abin da ke samansu ba. Sannan sata ce, ko an raɗa mata sunan Turanci. Sai kwastomomi suka watse suka koma wajen masu yi. Na wuni a nan ina gyaran tocila da wayar caji, har babur ɗina sai da na sayar. A majalisa suka sa mini suna Habu Ustaz, in na wuce ana dariya ƙasa-ƙasa. Na ji zafi, amma ban taɓa waya ɗaya ta haram ba, kuma har gobe ina alfahari da hakan.

Alhamis da safe na rataya jakata na nufi gidan. Jakar nan da kuke gani ce, ba ta canza ba: testa, filaya mai kyakkyawar roba a hannu, sukundireba babba da ƙarama, salatif baƙi, sai kilam. Kilam ita ce wannan mai baki kamar na ƙaguwa, ka maƙala ta a waya ta gaya maka nauyin wutar da ke wucewa ba sai ka yanke komai ba. Maigidana Oga Lamidi ne ya ba ni ita ranar da ya yaye ni. Bayarabe ne da ya tashi cikin fataken goro, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Cirani na zo daga ƙasar Katsina, ina dakon nama a mayanka, wani mahauci ya kai ni wajensa. Na daɗe ba abin da nake yi sai riƙon tsani da fasa bango kafin ya bar ni in fere waya. Ko shi da kansa ya ce maka ya cire fis, in ka kai hannu ba ka sa testa ba, sai ka ji filaya a bayan hannunka. Cewa yake kada ka yarda da bakin kowa a kan wuta, har nasa. Allah ya jiƙan Oga Lamidi, mutum ne mai zafin hannu amma bai ɓoye mini komai ba.

Na tarar Maman Rabi ta riga ta kwashe firizar ta wanke ta tas. Mai saye ya iso, wani mai shagon kayan masarufi daga Sabo Yaba, ga amalanke yana jira a ƙofar gida. Matan gida sun fito sun jeru a bakin ƙofofinsu. Alhaji Musbahu kuma yana tsaye a tsakar gida cikin farar babbar riga, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Haifaffen nan ne, kakansa da fataucin goro ya zo, in yana magana Hausa da Yarabanci da Turanci duk a tukunya ɗaya suke. Ba mugu ba ne, haƙƙinsa in faɗa. 'Yan haya ne suka hana shi sakat, kuma suna da hujjar da ta yi kama da gaskiya. Duk ranar Alhamis kati yake ƙarewa, kuma ranar Alhamis ce Maman Rabi take cika firiza saboda cinikin masallacin Juma'a.

Na jona firizar, ta tashi da ɗan gurnaninta mai daɗi. Na maƙala kilam na nuna wa Alhaji. Na ce, "Alhaji, duba nan. Abin da take ja ke nan. Dutsen guga ɗaya ya ninka ta ya sake ninkawa."

Ya ce, "Habu, ni ban san karatun ƙarfen nan naka ba. Abin da na sani, kati ƙarewa yake, mutane suna damuna. Wahalar ta ishe ni. Oya, a gama a fita da ita."

Na zare soket. Mai saye da mai amalanke suka ɗauka suka yi waje, Maman Rabi tana biye da su da tsumma a hannu tana goge murfin da ba abin da ya taɓa shi. Ni kuma na tattara kayana na biyo baya. A soro mitar gidan take, kuma mai sana'ata ba ya wuce mita bai kalle ta ba, ko a gidan biki ne. Na ɗaga kai. Firiza tana waje a kan amalanke, amma jar fitilar nan ƙifce-ƙifce take yi kamar an jona injin niƙa.

Na ce wa mai saye ya dakata. Na kira Alhaji na nuna masa, na ce ina roƙon alfarma ɗaya, kowa ya kashe duk abin da ke ɗakinsa. Aka yi ta gunaguni, wata tana cewa tana kallo, wani yana cewa yana caji. Ban yarda da bakin kowa ba, na bi ɗakunan da kaina da sallama, na zare duk abin da ke soket, har agogon bango mai kiran salla. Gida ya yi tsit, ko fanka ba ta motsi. Muka dawo soro ni da Alhaji. Fitila tana nan tana abinta.

"Ah ah," in ji Alhaji. "To wa ke sha? Aljanu?"

Na ce aljanu ba sa jan waya, bari mu gani. Na buɗe tsohon allon fis na gidan, irin na tangaran ɗin nan na zamanin da, na riƙa maƙala kilam a wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk shiru, sai wata tsohuwar baƙar waya a can gefe, ta yi ɗumi a hannu. Na zare fis ɗinta, nan take fitilar mita ta tsaya cak. Na sa tsani na shiga silin ina bin wayar da rarrafe, cikin zafi da yanar gizo da kashin ɓera. Ta bi ta saman ɗakuna ba ta sauka ko ɗaya ba, ta wuce saman banɗaki, ta shige bangon baya. An yi wa wurin filasta an shafe da fenti tun ban san yaushe ba, ta yadda daga ƙasa ba mai ganin komai.

Muka zagaya ta lungun baya. Jikin bangon gidan akwai wata rumfar kwano, ta Baba Tanko mai wanki da guga. Dattijo ne da duk unguwa ta sani, tun ina riƙon tsani nake ganinsa a wurin. Muka same shi ya tasa tulin kaftani da manyan riguna na Juma'a, ga manyan duwatsun gugar lantarki guda biyu a kan tebur suna hucewa, shi kuma yana ta fifita gawayi yana mita.

"Kun gani ko, Alhaji? Sai ranar Alhamis za su ɗauke wuta, ga kayan mutane."

A shagon tela da ke kallonsa kuwa fanka sai juyi take.

Alhaji ya ce, "Baba, wutar nan taka daga ina take zuwa?"

Baba Tanko ya dube shi da mamaki. "Daga gidanku mana. Mahaifinka Alhaji Babba ne ya sa aka jawo mini, kana ɗan makaranta. Ya ce Tanko, ga wuta nan, sadaka ce, ka nemi abincinka. Ni na ɗauka ka sani. In ba haka ba, me ya sa ban taɓa karɓar ko sisinka ba a kan guga?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya kalli rigar jikinsa. Shi duk zatonsa girmama mahaifinsa ne ya sa ake yi masa guga kyauta. Sai ya ja dogon numfashi ya yi salati.

Kada ku ce Baba Tanko ɓarawo ne, kada kuma ku ce Alhaji Babba ya yi wauta. A ƙauyenmu in wutar murhun mace ta mutu, gidan maƙwabciya take aikawa a ɗebo mata garwashi a kasko, ba wanda ya taɓa cewa a biya, don wanda aka ɗiba a wajensa ba abin da ya ragu. Iyayenmu da suka zauna a Agege haka suka ɗauki lantarki. A sam wa masallaci, a sam wa mai shayi, a sam wa maƙwabci. A zamanin kintace gaskiyarsu ce, ba wanda ya ji a jikinsa. Mitar kati kuwa ba ta san sadaka ba, duk abin da ya wuce ta cikinta sai ta cire. Ga shi mai kyautar ya rasu, wayar ta shige cikin filasta, laifin ya faɗa kan wadda kayanta ke fili kowa yana gani.

Na ce, "Alhaji, fis ɗin yana aljihuna. In ka ce a yanke, yanzu zan yanke."

Baba Tanko ya ajiye mafici yana kallon bakinsa.

Alhaji ya ce, "A'a. Abin da Baba ya bayar ba ni zan karɓe ba. Amma ba 'yan haya za su ɗauki sadakar ubana ba, ni zan ɗauka. Habu, akwai yadda za a yi a raba?"

Na ce akwai, aikina ke nan. Daga baya na sa wa layin Baba Tanko 'yar ƙaramar mita tasa shi kaɗai, Alhaji yake biya, na haɗa da bireka mai yanke wuta daidai ƙarfin dutse ɗaya, in ya jona na biyu sai ta faɗi. Ba a jima ba dattijon ya koma gawayi a kan manyan shaddodi, ya bar lantarki ga ƙananan kaya, ya ce dama gawayi ya fi kwantar da shadda. Kowane ɗaki na gidan ma na sa masa 'yar mitarsa, na canza musu tsofaffin ƙwayayen nan masu zafi da farare marasa ci. Da kowa ya fara ganin nasa, sai ga shi wani gwauro mai dafa ruwan wanka da hita ya fi Maman Rabi sha nesa ba kusa ba. Ba wanda ya yi masa faɗa, shi da kansa ya sayi risho. Labari ya zagaya unguwa, gidaje suka fara nemana, yau a raba mita, gobe a gano abin da ke cinye kati, jibi a sa wa injin jan ruwa agogon da zai kashe shi in tanki ya isa cika. Waɗanda suka yi mini dariya a majalisa su suka riƙa aiko mini da surukansu. Shagon nan da kuke zaune a ciki da wannan aikin na gyara shi, ba da baifas ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da muka zagayo ƙofar gida, firiza tana nan a kan amalanke an ɗaure ta da igiya, mai saye yana ta duba agogo. Maman Rabi tana tsaye a gefe cikin rana, ba ta san abin da muka gano ba. Alhaji ya ja mai saye gefe ya ba shi haƙuri da Yarabanci, ya sallami mai amalanke. Sannan ya tsaya a bakin soro, inda duk matan gida za su ji, ya faɗi inda wutar take tafiya, bai rage komai ba. Ya ce matar nan ba ta ci haƙƙin kowa ba, mu muka ci nata.

Daga nan sai ya naɗe hannayen babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya kwance igiyar da kansa, ya kama gefe ɗaya na firizar.

"Habu, kama can."

Na kama. Mutum ne mai jiki da bai saba ɗaukar abin da ya fi carbi nauyi ba, kafin mu wuce soro ya jiƙe da gumi, tsatsar gindin firizar ta ɓata masa gaban riga. Wasu maza biyu na gidan suka taso za su karɓe shi, ya ce su bari. Haka muka bi ta tsakiyar ɗakunan nan, kowa na tsaye a ƙofarsa, har ɗakinta.

Ya ce, "Maman Rabi, ina za a ajiye?"

Ta ce, "Inda take, Alhaji."

Muka sauke ta a kan shaidar ƙafafunta da ke jikin siminti. Na ce kada a jona tukuna, a bar ta ta huta man injin ya kwanta, tunda an jijjiga ta. Ta ce to. Sai ta jawo bokitin ruwa da ƙunshin leda ta zauna a bakin ƙofa, don gobe Juma'a, rana kuma ta riga ta yi nisa. Matar nan da ta kwashe firizarta ta wanke da hannunta ba a ga hawayenta ba, sai ga shi ta ɗura ruwa a leda ta kasa ƙullawa. Ruwan sai zuba yake a zanenta. Ta sake gwadawa, ya sake zubewa.

Matar ɗakin da ke kallon nata, wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan maganar kati, ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zo ta zauna kusa da ita. Ta karɓi ledar daga hannunta, ta ce, "Ke ɗura, ni in ƙulla."